Garwashin Inna da Jirgin da Ya Fasa Sauka

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da ɗan kawuna, muka nufi Riruwai wajen Inna, mahaifiyata. Ba yawon buɗe ido ya fito da mu ba, lallashi za mu je. Ƙanwata da ke aure a Fatakwal ta shiga watanta, ga shi haihuwar fari, kuma likita ya hana ta doguwar tafiya balle ta zo gida. Dole Inna ce za ta je ta yi mata wankan jego. Ciwon bayanta ba zai bar ta ta yi wannan nisan a mota ba, jirgi kuwa ta ce ita da shi har abada.

Tana da dalilinta. Bara da suke dawowa daga Umara, jirginsu ya sauko har tana hango ciyawar gefen titi, sai ya fasa sauka ya koma sama. Daga baya aka ce musu wani jirgin ne bai gama fita daga titin ba. Shi ya sa na ɗauko ɗan kawun nan nawa, don mataimakin matuƙin jirgi ne, ko banza ya fi ni bakin magana.

Gari ya waye mana a wajen Bagauda. Masu kifi har sun fito bakin hanya, amma da na ji farashi sai na ce ai ni dama ba ma'abocin kifi ba ne. A Kwanar Dangora muka karya da ƙosai da shayi, muka sayi rake, sannan muka karkata hanyar Tudun Wada. Ƙarshen damina ne, shinkafa ta yi kyau a fadamu, masara kuma an fara shanya ta har kan kwalta.

Bayan Tudun Wada wata tirela ta tare mana gaba. Da na ga sarari na taka totur, motar ta zabura nan take, muka wuce. Mutumina ya yi dariya, ya ce mu masu mota 'yan gata ne. Shi idan ya tura wa injin jirgi wuta daga ƙasa-ƙasa, sai ya jira wasu daƙiƙu kafin ƙarfin ya zo, domin manyan fankokin ciki sai sun ɗauki juyi tukuna. A cikin wannan ɗan jiran jirgin na iya ci gaba da yin ƙasa, wani lokaci har taya ta taɓa titi. Na ce to wannan bayanin ka adana shi, kada ka fara da shi a gaban Inna.

A dajin Falgore shanu suka tsallaka, muka tsaya har makiyayin ya gama kora su. Daga Doguwa hanya ta fara hawa duwatsu da ramuka, muka isa Riruwai bayan azahar, ƙugu duk ya riƙe.

Inna ta karɓe mu da tuwon masara miyar kuɓewa ɗanya. Sai da muka ci muka yi hamdala sannan ɗan kawuna ya gyara zama. Ya yi bayani, ya nuna bidiyo a waya, ya ce fasa sauka abu ne da suke maimaitawa a wajen horo har ya zame musu jiki. Ta saurare shi tsaf, ta ce ba komawa saman ne ya firgita ta ba. Akwai wani ɗan lokaci da hancin jirgin ya ɗaga amma cikinta na gaya mata ƙasa suke yi, injin kuma bai amsa ba. A nan ta yi kalmar shahada. Ta ce abin da aka kira shi bai amsa ba, ba za ta sake ba shi ranta ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san ƙanwata na can tana jiran wayata.

Washegari da safe muka same ta a madafa. Inna ba ta yarda da ashana a damina. Kullum takan rufe garwashin dare da toka, da safe ta tone, ta ɗora karare ta hura. Muna tsugune muna gaishe ta tana hurawa. Ta hura, hayaƙi kawai. Ta sake hurawa, hayaƙi. Can sai wutar ta kama bal.

Ɗan kawuna ya ce, “Gwaggo, da kika hura na farko ba ta kama ba, kin ɗauka ta mutu?”

“Ina fa. Ai na san akwai ta a ƙasa.”

“To haka muke saukowa. Ba ma barin injin ya yi sanyi, da wutarsa muke zuwa har bakin titi, saboda irin ranar nan taku. Jiran da kika ji, kamawa yake yi.”

Ta ɗora tukunya, ta gyara itace, ta daɗe tana kallon murhun. Sannan ta aike ni in sauko mata da ƙullin kanwa da yajin jego daga inda ta rataye su. Ashe tun watan jiya ta daka yajin ta ajiye.

Da ita muka juyo. A hanya ta hana ni wuce ko Keke Napep, don haka sai la'asar muka shigo Kano. Da muka tsaya a ƙofar gida na tambaye ta ko tsoron ya tafi. Ta ce yana nan daram, amma 'yarta ba za ta yi jegon fari a hannun maƙwabta ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, mai jin tsoro ba dogon bayani yake nema ba, so yake a gane daidai inda abin ya tsaya masa. Jiya muka raka ta filin jirgi, yajin na cikin jakarta, carbi a hannu. Da suka sauka ita ta fara kira na, ta ce in gaya wa ɗan kawuna wutar ba ta mutu ba.