Yaya Labbo da Zangon da Aka Yi Ruwa

Ku da kuka san Yaya Labbo, ku faɗi tsakaninku da Allah: akwai wanda ya taɓa ganin shi bisa keke? Ni ƙanenshi ne, ciki ɗaya, kuma ƙofar shagona na ɗinki a bakin kasuwar Sabon Birni nan yake wuni, amma ban taɓa gani ba. Keke kam yana da shi, baƙi, mai ƙararrawa, kullum a goge yana walƙiya. Sai dai tura shi yake yi. Ya tura shi gona, ya tura shi masallacin Juma'a. Ranar sunan ɗiyar ƙanwarmu har garin Tsamaye ya tura shi, ya iso zufa sharkaf, an riga an ci rago an watse.

Na ce, "Haba Yaya! Mi ya hana ka hau?"

Ya harare ni. "Tela, ba ka ga rairayin hanyar ga ba? In taya ta cinye, kai za ka ɗinka min wata?"

"To don mi ba ka bar shi gida ba?"

"In bar shi gida, in taho ƙasa kamar wanda bai da keke?"

To wanga mutum, shi ne babban malamin tseren keke na ƙasar Gobir duka! Da ƙuruciya ya yi aikin kuku gidan wani Bafaranshe a Maraɗi. Da ya dawo gida, abu uku ya zo da su: keken nan, da rediyo mai rigar fata, da wani irin Faransanci da babu mai iya ƙaryata shi tunda babu mai ji. Can ya kwaso ciwon tseren. Kowace shekara in damina ta kama, akwai gagarumin tseren da Turawa ke yi su zagaye ƙasar Faransa bisa kekuna, mako da makonni. Kowace rana da nata yanki na hanya, Yaya ya raɗa mashi suna zango, irin na fatake. Bayan azahar sai ya jingine keke ga itacen bedi, wato dogon yaro, na ƙofar shagona, ya ja eriya, ya lalubo tashar. Bature na ta zuba kamar ana soya gyaɗa, Yaya na fassara muna.

Matsalar ita ce batir. Yaya bai yarda batir ya ƙone banza ba. Da safe ya shanya su bisa rufin kwano su sha rana, wai su ƙoshi. In tsere ya ɗauki zafi, mun miƙa wuya, sai ka ji ƙit! Ya kashe rediyo.

"Kai, Labbo! Kunna mana!"

"Ku yi haƙuri, gangara suka yi yanzu. Gangara kowa ya iya ta. Ni za ni hwaɗa maku abin da ka faruwa."

Sai ya rufe ido ya ci gaba da ba da labari daga kanshi: wane ya wuce wane, kacar wane ta zame, wata tsohuwa ta fito da kare. In ya sake kunnawa aka iske wanda ya ce ya faɗi rami shi ke gaba, ko gezau. "Ya taso," in ji shi. "Turawa ba su daɗewa cikin rami."

Abokin gardamarshi Manu ne, wani Bafillace dogo da rugarsu ke yamma da gari. Tun suna samari suke tare, kuma ban taɓa jin sun yarda da juna kan komi ba, ko da ganin wata ne. Manu na kiran shi Kaɗo, shi kuma yana kiran Manu Jauro don tsokana, alhali Manu bai taɓa sarautar ko akuya ba. Sunayen 'yan tseren sun fi ƙarfin bakinmu, don haka Yaya ya raɗa masu namu. Wanda ke kan gaba a tseren duka riga ruwan ɗorawa yake sawa, shi ne Mai Ɗorawa, gwanin Manu. Gwanin Yaya kuwa wani bawan Allah ne da bai taɓa cin ko zango ɗaya ba. Aikinshi ya koma baya wurin motar da ke bin su, ya cika riga da gorunan ruwa, ya taka ya cim ma ubangidanshi ya miƙa mashi. Yaya ya sa mashi Ɗan Garuwa.

Manu ya ce, "Kaɗo, duk Turawan duniya ka rasa wanda za ka so sai mai tallan ruwa?"

"In bai kai ruwan ba, naka gwanin da yawu za shi hau dutse?"

"Ku Gobirawa tun Alkalawa ba ku iya zaɓen ɓangaren da ka cin nasara ba."

"Jauro, ka bar tsohon zance. Da muna da kekuna ran nan, da ba haka ba!"

Sai ga shekarun fari. Manya cikinku sun tuna, yara kuwa Allah kada ya nuna maku. A shekarar da nake ba ku labari, mun yi shuka ta ƙone, muka sake ta sake ƙonewa. Gulbi ya koma rairayi, ana gina rami cikinshi ana jiran ruwa ya tsatso a kwasa da ƙoƙo. An fita roƙon ruwa har muryoyi suka dushe. Hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, mu fito mu tsaya, iska ta kwashe shi ta yi Nijar da shi. Lokacin da ya kamata kowa na gona yana noma, sai ga magidanta zaune hannu rabbana. Majalisar Yaya ta cika maƙil. Mutanen da da ke cewa shirme ne, yanzu su ke riga kowa shimfiɗa buzu. Ba son keke ya kawo su ba. Zama gida ne ya gagara, ka dubi rumbu, ka dubi yara.

Manu kullum yana zuwa, amma ya rame, ya rage surutu. Da can in ka tambaye shi shanu sai ka gaji da ji. Shekarar nan in an ce, "Ya dabbobi?" sai ya ce, "Sai godiya," ya kau da kai. Mun san suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Angulaye sun gaya muna.

Ranar da ba ni mantawa, zangon duwatsu ne. Yaya ya kunna rediyo, ya saurara kaɗan, sai ya zabura ya miƙe tsaye, hularshi ta faɗi.

"Allahu akbar! Ubangidan Ɗan Garuwa ya janye, ciki ya ɓaci! An ce ma yaro ya yi ta kanshi! Yau ba gora, ba kowa!"

Manu ya taɓe baki. "To sai mi?"

"Sai mi? Ya tsere masu! Shi ɗai shina gaba, ya bar su Mai Ɗorawa suna haki!"

Wuri ya kaure. Har mai tsire ya baro tukubarshi. Yaya na tsalle yana "Ale! Ale!" wai haka Faransawa ke kirari. Can sai muryar Baturen ta canza, kuma bayan muryar muka riƙa jin wani ƙara, shaaa, da wani abu na bugun ƙarfe, taf-taf-taf. Na ɗauka tashar ce ke gocewa.

Manu ya matso da kunne. "Kaɗo, wanga ƙara na mi ne?"

Yaya ya zauna sannu a hankali. Ya ce, "Lapuli." Sannan ya fassara: "Ruwa na. Ruwa a kai masu bisa dutsen."

Jama'a, ban taɓa jin majalisa ta mutu kamar ran nan ba. Magidanta sun cika inuwar bedi, rana na gasa ƙasa har tana rawa, mu kuwa mun kewaye akwati muna sauraren ruwan sama na ƙasar wasu. Har tsawa muka ji. Wani tsoho daga Unguwar Lalle ya rufe ido yana shaƙar iska, kamar ƙamshin ƙasa zai fito ta cikin rediyon. Manu ya sunkuyar da kai, ya ja rawani ya rufe fuska.

Baturen na ta magana cikin fushi. Aka ce, "Labbo, mi shi ka cewa?"

"Ba komi."

"Hwaɗi mana!"

Ya ce, "Wai ruwan ya ɓata masu rana."

Tsohon nan ya buɗe ido. "Astagfirullah! Ka ce mashi in ba su so, su turo shi nan. Mu ba mu da tseren da za shi ɓata."

Aka yi dariya, irin wadda ke fita da ƙwalla. Kuma ku lura: lokacin kashe rediyo ya yi ya wuce, an shiga gangara, amma hannun Yaya bai je kusa da makunni ba. Mutumin da ke ƙirga numfashin batir ya bar shi yana ci, don mu ji ruwa.

Abin da ya jawo muna ke nan. Ɗan Garuwa ya kama hawan ƙarshe, su Mai Ɗorawa sun haɗa kai sun biyo shi, tazara na raguwa. Sai murya ta fara yin ƙasa, tana ƙasa, har ta koma kamar kukan sauro, ta ɗauke. Yaya ya zare batir ya ciza, ya goga ga cinya, ya mayar. Shiru. Ya fizgi almakashina ya buɗe bayan rediyon, ina "Yaya, bari!" Ya taɓa wani abu, muka ji ƙas! Shi ke nan. Washegari aka aika da ita garin Isa wurin mai gyara, ba ta dawo ba sai da sanyi, tsere ya daɗe da ƙarewa.

Wayyo, gardama! Kullum bayan azahar a taru ba rediyo, a sake zangon nan daga farko. Gari ya rabu biyu.

Manu ya ce, "Sun kama shi. Ni makiyayi na, na sani. Bijimin da ya ware daga garke shi ka fara gajiya. Waɗancan suna kare ma juna iska, shi wa ka kare mashi?"

Yaya ya ce, "Mutumin da ya shekara da shekaru shina hawan dutse da kayan ruwan wasu, yau an sauke mashi, kac ce a kama shi? Ko da mota!"

"Tayarshi ta zame cikin ruwa."

"Kana wurin?"

"Kai kana wurin?"

Ana cikin haka wata safiya Manu ya biyo ta ƙofar shagona. Ba shi kaɗai ba. Ga matarshi da yara, ga jaki da ƙwarya da tabarmi, ga 'yan shanun da suka rage, ƙasusuwa a waje, suna tafiya kamar za su kife. Ya ce kudu za shi, an ce akwai ciyawa wajen Zuru. Yaya ya tashi ya riƙe hannunshi, ya kasa sakewa. Ya raka su har bayan gari, ni ina biye.

Da za su rabu, Manu ya ce, "Kaɗo, kada ka tambayi kowa yadda zangon nan ya ƙare. In na komo mu tambaya tare, in ga idonka."

Yaya ya ce, "Na ji. Ka dai komo da wuri, kunyarka na jiran ka."

Sun yi nisa, sun kusa shiga ƙura, sai muka ga Manu ya juyo ya ɗaga sanda. Muryarshi ta iso da ƙyar: "An kama shi!"

Yaya ya haɗa hannu ga baki, hawaye na bin gemunshi: "Ƙarya kake, Jauro! Ba a kama shi ba!"

Bayan 'yan watanni wani direban babbar mota mutumin Maraɗi ya kawo riga in rage mashi. Ya ji ana zancen, ya ce, "A'a, zangon da aka yi ruwa? Ai na saurare shi har ƙarshe. Yaron nan…"

Yaya ya toshe kunnuwa da yatsu, ya miƙe yana salati da ƙarfi, ya yi cikin kasuwa da gudu, mutane na ba shi hanya sun ɗauka gamo ya yi. Bai dawo ba sai da ya aiko a duba ko motar ta tashi. Ni ma na ce ma direban ya riƙe labarinshi.

Ruwa ya dawo, gero ya yi, waɗanda suka tafi da yawa sun komo. Manu bai komo ba. Wani ya ce ya gan shi Borgu, wani ya ce ya ƙetara ƙasar Barba, wani ya ce ya rasu hanya. Duk Bafillacen da ya shigo kasuwa daga kudu sai Yaya ya tare shi da tambaya. Ya ci gaba da jin tsere kowace damina, amma in gardama ta tashi sai ya ce, "Ku ba ku iya musu ba."

Cikin ciwonshi na ƙarshe na zauna kusa da shi, na ce, "Yaya, yanzu fa an ce cikin waya ana iya dubo komi. In sa a dubo muna?"

Ya buɗe ido ɗaya. "Tela, kai dai ba ka da haƙuri tun kana yaro. Na yi ma mutum alkawari. Kuma ai na kusa iske shi."

Har yau ban sa an duba ba, kuma kada wanda ya zo ya gaya mini.

Allah ya jiƙan Yaya Labbo, ya yafe mashi. Allah ya jiƙan Manu duk inda ƙasa ta rufe shi. Ya Ubangiji, ka sanyaya makwancinsu, ka sada su a inuwa ɗaya, ka bar su su ƙarasa zancensu. Amin.