Kiɗan Golanmu

Abin da na fara gani a jikinsa gwiwar hannu ce. Wata la'asar ina dawowa daga kai ɗinki, na ratso ta filin firamaren da ke bayan layinmu a Badarawa, sai na hangi wani dogon saurayi ya tashi sama a kwance kamar an jefa tabarma, ya ture ƙwallo, ya faɗo kan tsakuwa. Ya miƙe yana dariya, jini na bin hannunsa har yatsu, bai ko duba ba. Na jingina kekena da bangon aji, ban tafi ba sai da aka tashi.

Ni tela ne, kuma a shekarun nan ba a raba ni da littattafan soyayya da ake ba da haya a bakin kasuwa. A kowane littafi akwai wani saurayi talaka, kyakkyawa, mai zuciya, wanda duniya ke rainawa kafin ranarsa ta zo. Na daɗe ina dubansa a fuskokin mutane ban same shi ba. Ranar nan na same shi tsakanin sanduna biyu, da safar hannu ta aro.

Saboda shi na shiga ƙungiyar magoya bayan kulob ɗin unguwarmu, kafin damina ta zagayo kuma aka ɗora mini shugabanci, don babu mai so. Aiki ne na sa kai. Mu ne masu tsince tsakuwa kafin wasa, mu ne masu zana layi da toka, mu ɗauko jarkar ruwa, mu fere lemon hutun rabin lokaci, mu nemi motar da za ta kwashe mu in wasan waje ne. Tutarmu ni na ɗinka ta da ragowar yadin mutane, shi ya sa korenta kala uku ne. Amma abin da ke tara jama'a a bayan raga ba tuta ba ne, ba kuma ni ba. Baba ne.

Baba kafinta ne, dattijo mai furfura, yana da shago da yaran shago da surukai. Ganga sha'awarsa ce tun ƙuruciya, bai gaje ta ba, bai taɓa kiɗa a gidan biki ba, bai taɓa miƙa wa kowa hannu saboda ita ba. Iyalinsa ba sa so, sun dai haƙura ne tunda a fili kawai yake bugawa. In ya rataya ta a kafaɗa ya fito, yara da magidanta sai su bi shi kamar an kira su.

Shi ya yi wa golanmu kiɗansa na musamman: bugu a jere da sauri, a ɗan dakata, sai ɗaya mai nauyi. Ba a buga shi sai golan ya ture wata muguwar ƙwallo ta fita waje, haɗari ya wuce. Ni kuma na ƙara masa ado. Na ce wa golan duk sanda ya ji kiɗan ya juyo gare mu, ya ba fili baya, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Haba Yaya, ai sai a ce ina fankama," in ji shi.

"Kai dai juyo. Jarumi ba ya hana mutanensa ganin fuskarsa."

Da farko yana yi yana jin kunya. Kafin kakar wasa ta ƙare abin ya shiga jininsa, ganga na faɗin na ƙarshe ya riga ya juyo, mu kuma mu haukace.

Buri ɗaya gare shi a duniya, kuma a shagona yake faɗinsa, yana zaune kan tarin yadi ina cusa masa soso a gwiwar wando: wani babban kulob ya gan shi ya ɗauke shi. Ba ya zancen aure, ba ya zancen sana'a. Ni ma na ɗauki burin na mayar da shi nawa. Har nakan hango ranar da zai dawo Badarawa a mota, ya sauka a ƙofar shagona, ya rungume ni a gaban maƙwabta.

Don haka da kulob ɗin Malali ya ɗauke shi ban yi fushi ba. Kulob ne na 'ya'yan ma'aikata, suna da motarsu, suna da jesi kala biyu, kuma masu neman 'yan wasa suna leƙa su. Na gaya wa 'yan ƙungiya cewa dole jarumi ya bar gida kafin ya zama wani abu. Ni ne ma na kawo shawarar mu karrama shi ranar da za mu fara haɗuwa da su: duk da yana gaba da mu, mu je bayan ragarsa, in ya ture ƙwallo Baba ya buga masa kiɗansa, ya san gida bai manta da shi ba.

Haka aka yi, a filinsu. Ɗan wasan gabanmu ya narka wata, golan ya tashi ya ture ta waje. Baba ya buga. Na ga ya juyo, hannuwansa sun kai kafaɗa, kafin ya tuna inda yake. 'Yan benci na Malali suka tuntsire da dariya. Ya sauke hannu, fuskarsa ta canza. Ya sunkuya ya ɗauki ledar ruwan fiya wata da ke gindin sanda, ya tako har inda muke, ya matse ta kaf a kan fatar gangar.

"Ku kwashe mini wannan tsohon maroƙin daga bayana," ya ce. "In abinci yake nema ya jira a tashi."

Baba ya shafa fatar da tafin hannu, ya ɗan buga, sai ta yi wani ƙara kamar an mari jiƙaƙƙen zane. Ya juya ya fita daga filin, gangar na ɗiga a gefen rigarsa.

Maganar ta riga mu isa Badarawa. Washegari yara na bin bayan Baba suna kiran sunan da aka laƙaba masa. Surukinsa ya zo har shago ya roƙe shi ya rufa wa 'ya'yansa asiri. Ya rataye gangar a ƙusa cikin katakai, bai sake zuwa fili ba. Da ganga ta tafi jama'a suka bi ta. Muka koma 'yan tsiraru, muna tafi da hannu a bayan raga kamar masu korar kaji.

A littattafaina, in aka ci amanar mutum yakan kwanta ciwo, ya rame, ya bar wa Allah. Na gwada, bai karɓe ni ba. Abin da ke dawo mini ina taka keken ɗinki shi ne hannuwan nan biyu da suka tashi har kafaɗa ba da izinin mai su ba. Bakinsa ya koma Malali, amma jikinsa har yanzu namu ne. Ni na koya masa, kuma na san bai isa ya cire ba.

Na je wurin Baba na ce ya ara mini gangar.

"Me za ka yi da ita, Shugaba? Fatar ma ta mutu."

"Zan sa a sake mata."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ci gaba da goge katako. "Ɗauka. Ni na gama da ita."

Na kai aka ɗaura mata sabuwar fata. Kullum bayan azahar, lokacin da ciniki ke lafawa, sai in tura ƙofar shago in yi ta bugawa. Matata ta kawo mini abinci wata rana ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, ɗinkin salla ne aka daina kawowa, ko sana'a za mu canza?"

"Bugu ɗaya nake koyo."

"To Allah Ya sa kafin maƙwabta su kai mu wurin mai unguwa."

Hannuna na almakashi ne, kiɗan ya ƙi zama. Ashe ana jina har shagon Baba. Wata ranar sai ga shi, da garin katako a gira, ya tsaya a kaina.

"Kana gaggawa. Wurin dakatawar nan shi ne kiɗan. Ka bari sai zuciyarka ta ce ka makara, sannan ka saki na ƙarshen."

Ya kama wuyan hannuna ya buga da shi har ya zauna. Bai tambaye ni wa zan buga wa ba, ni ma ban faɗa ba. Da zai fita ya ce, "Kada ka kawo mini labari."

Na jira. Ba wasanmu nake so ba, ranar da abin zai fi masa ciwo nake so. Ta zo a wasan ƙarshe na kofin unguwanni, Malali da Unguwar Dosa, mu an daɗe da fitar da mu. Gari duk ya ɗauka cewa wani mutum daga babban kulob zai zo, kuma gola yake nema. Na bi tsofaffin 'yan ƙungiya gida gida. Ban ce musu komai ba illa su zo, kada su sa kore, kada su yi waƙa, su tsaya su kewaye ni.

Mutumin ya zo. An ba shi kujerar roba a inuwa, ya harɗe ƙafa. Mu kuma muka cusa kanmu cikin jama'ar da ke bayan ragar Malali, gangar na cikin buhun yadi tsakanin ƙafafuna.

Ba zan rage masa ba, ranar ya yi kyau. Cikin baƙar jesi, da sabuwar safar hannu, yana tashi yana kamawa kamar ƙwallon ce ke nemansa. Sau da yawa ya ture ta waje, kuma duk lokacin na ji hannuna na ƙaiƙayi, amma in ƙwallo ta fita kiɗa ba zai yi masa komai ba sai dai ya ƙara masa kwarjini. Wadda zai ture ta ƙi fita nake jira. Aka tafi hutu ba ci, aka dawo, rana ta fara sauka, mutumin kujera ya daina harɗe ƙafa ya sunkuyo gaba yana kallonsa. Na fara tunanin zan koma gida da buhuna yadda na zo da shi.

Ana dab da tashi wani ɗan Unguwar Dosa ya saki ƙwallo daga nesa. Golan ya tashi a kwance, ya taɓa ta da yatsu, ta nufi gefen sanda kamar za ta fita. Daga inda nake ina ganin abin da shi ba ya gani yana ƙasa: ta ci karo da tudun ƙasa, ta rage gudu, ta tsaya kan layi ba ta haye ba. Na riga na zare gangar. Na yi bugun jeren yana miƙewa. Na dakata har zuciyata ta ce na makara. Na saki na ƙarshen.

Ya juyo. Ya ba fili baya, hannu biyu a sama, har da murmushin. Idonsa ya faɗa cikin nawa daidai lokacin da wani gajeren ɗan wasa ya iso ya gangarar da ƙwallon ta bayan dugadugansa ta shige raga. Na ga murmushin ya mutu a hankali, hannuwan kuma sun manta su sauka. Na karanta bayanin fuskoki da yawa a littattafai, ban taɓa karanta wadda ta kai wannan daɗin kallo ba.

'Yan Malali suka yi kan alƙalin wasa, ya ce shi bai busa komai ba, kuma babu dokar da ta hana ganga. Wasu suka nufo mu, 'yan ƙungiyata suka haɗa kafaɗa, na mayar da gangar cikin buhu na ɗaure bakinsa a nutse. Da na waiga, kujerar robar nan babu kowa a kanta.

Ban kai wa Baba labari ba. Na mayar masa da gangarsa na rataye a ƙusarta. Mako na zagayowa muna zana layi da toka sai muka jiyo gangar daga bakin layin unguwa, Baba na tafe, jama'a na biye.

Shi kuwa golan, babu babban kulob ɗin da ya sake tambayarsa. Labarin golan da ke juya wa ƙwallo baya ya fi shi gudu, duk inda ya je gwaji ya riga shi isa. Malali suka ajiye shi a benci, daga baya suka sallame shi. Ya yi 'yan shekaru yana yawo a ƙananan kulob, sannan ya bari. Yanzu yana aiki a wani gidan mai a Unguwar Dosa, ya yi aure, ya yi tumbi. An ce ranar Lahadi da safe yana buga ƙwallon magidanta, amma a baya yake tsayawa, ko an roƙe shi ba ya shiga raga.

Akwai gidajen mai da suka fi kusa da shagona, amma can nake kai babur ɗina. Ina bin layin famfonsa ko da ya fi tsawo. In na iso ba ya ɗaga kai.

"A cika, Yaya?"

"A cika," nake cewa, in gyara zama in jira.