Tabaryar Iya Ronke

Lasisi Oyewusi ya tuƙa jirgin ƙasa daga tashar Ofa har ƙarfinsa ya ƙare, amma duk ƙugin injin bai taɓa masa kunne ba. Matarsa Sidikatu ce abin ya kama. Injin markaɗe ta riƙe a kasuwa tun tana goyon 'yarsu ta fari, Ronke, tana markaɗa wa mutane tattasai da wake, har kunnenta ya yi nauyi. Da tsufa ya zaunar da su gida, babban jin daɗinta shi ne fim ɗin Yarbanci bayan la'asar. Hoton tana ganinsa tar, maganar ce ke wuce ta.

Sai Lasisi ya riƙa jawo kujera kusa da kunnenta na dama yana maimaita mata.

"Baba Ronke, me ta ce?"

"Cewa ta yi duk duniya babu miji mai haƙuri kamar tsohon direban jirgi."

"Maƙaryaci! Allah na ganinka."

Ana haka Ronke ta zo Babbar Sallah daga Legas da wani dogon kwali. Ta durƙusa ta gaishe su, sannan ta zaro wata doguwar baƙar lasifika ta kwantar a ƙasan talabijin, ta ajiye wani akwati mai kauri a gefe.

"Wannan tabaryar fa?" in ji Sidikatu.

"Maami, ki dai saurara."

Aka kunna. Muryar 'yar wasan ta fito ras, kamar a ɗakin take zaune. Sidikatu ta dafe ƙirji, idonta ya ciko. "Na ji ta," ta ce. "Wallahi na ji ta da kunnena." Can a fim ɗin aka yi tsawa, akwatin ya girgiza ɗakin, Lasisi ya zabura zai je ya kwashe shanya. Uwa da 'ya suka yi ta dariya har da hawaye.

Shi kam bai yi dariya ba. Ya mayar da kujerarsa bakin taga, ya shiga neman laifin tabarya. Da Ronke ta sa musu kiɗan ganguna daga wayarta, ya yarda babbar ganga tana fita har cikin ciki, amma ya ce idan aka ƙure murya, muryar mawaƙin sai ta koma kamar ana kankare tukunya. Ya kuma rantse da irin wutar garin nan, abin ba zai ga damina ba.

Tabarya kuwa ta ga damina, ta ga wata. A ɗauke wuta, a maido, ta tashi ta ci gaba da aikinta. Matan unguwa suka fara leƙowa kallo, kowacce da ƙullin gyaɗarta. Lasisi yana daga bakin taga yana tsaki, amma shi ne ya lura cewa kunnen matarsa ya ƙara nauyi, har ta fara ɗora tafin hannu a kan akwatin idan ana kiɗa. Washegari ta tarar an matso da akwatin gaban kujerarta, daidai inda take miƙe ƙafa.

Wata ranar Laraba da hantsi aka maido wuta da ƙarfi, wani abu ya yi ƙara, ƙauri ya tashi. Talabijin ya tsira, tabarya ta yi gum. Sidikatu ta danna nan, ta danna can, sannan ta zauna ta zuba tagumi.

"To, bakinka ya kama ta. Sai ka yi murna."

Lasisi ya dube ta. Ya ga yadda ta ƙura wa hoton ido tana bin leɓen mutane, sai ya ji babu daɗi. Ya ɗauki tsohon zaninta ya naɗe tabaryar da wayar wutarta, ya hau acaɓa da ciwon gwiwarsa, ya rungume ta kamar jariri har shagon mai gyara a bakin kasuwa.

"Baba, da kanka?" in ji mai gyaran. "Ina jikoki?"

"Jikoki su karya min ita a hanya? Duba min, ɗana, amma a hankali. Ta uwarka ce."

Mai gyaran ya gwada, ya ce lafiyarta ƙalau, ɗan akwatin da ke jikin wayar wuta ne ya ƙone. Ya canza shi, ya haɗa masa da abin daidaita wuta.

Da ya dawo gida, Sidikatu na tsaye a ƙofa, hannu a ƙugu.

"Acaɓa? Da wannan gwiwar? So kake ka mayar da ni bazawara saboda lasifika?"

Ya durƙusa da ƙyar ya jona wayoyi, 'yar fitilar ta kawo, murya ta cika ɗakin. Tashi kuma ya gagara. Ta kama shi ta hammata tana mita, ta ɗago shi ta zaunar, ta kawo man zafi ta shafa masa a gwiwa.

"Wanke hannu," ta ce. "Amalar ta kusa hucewa."