Muryar Pan Ludwik tana nan tafe ranar Juma'a

Da hantsin Talata, 21 ga Oktoba, ɗiyarka Kinga ta kira ni ta ce ka cika a asibiti, nan Warso. Ina zaune a ɗakin ɗaukar sauti, kujerarka tana gabana.

Pan Ludwik Sarna, ko in ce Malam Ludwik, kai ne lektor ɗinmu, murya ɗaya da ke karanta maganar kowa a fim da yarenmu, ba hawa ba sauka. Ran da na fara aiki na goge maka karatun yini guda bisa kuskure. Ka miƙo mini rabin burodinka, ka ce, "Ci, yaro, mai yunwa ne ke danna maɓallin banza." Ka sake karatun kaf, ba ka kai ƙarata ba.

Tun rasuwarka hankalina bai kwanta ba, kuma laifinka ne. Aikinka na ƙarshe shi ne katun ɗin barkwancin nan na manya, kashin Halowin, bikin dodanni, inda matattu ke fasa kabari suna yawo a gari. Akwai wani tsoho da ya tashi da ƙasa a ka, ya ƙwanƙwasa ƙofar matarsa. Gurnani kawai yake yi, kuma lektor ba ya karanta gurnani. Kai kuwa sai ka matsa kusa da makirfo, ka kira sunan matarka, ka ce, "Bozena, na dawo, me aka dafa?"

Na ce, "Pan Ludwik, ai babu wannan a rubuce."

Ka ce, "Bar shi, sarkin tsoro. So nake ta jefi talabijin da ludayi."

A lokacin dariya muka sha. Yanzu ga shi za a nuna shi ran Juma'a, jajibirin ranar da kowa ke kai kyandir makabarta, ƙasar kabarinka ko bushewa ba ta yi ba. Tashar talabijin ɗin ta ce zaɓi nawa ne, in goge ko in bari. Tsoro nake ji, wallahi. In na goge, na share abu na ƙarshe da ka faɗa wa matarka. In na bari, ban san abin da zuciyar tsohuwa za ta iya ɗauka ba.

Jiya na je na faɗa wa matarka, Pani Bozena. Ta daɗe tana juya cokali a shayi.

Ta ce, "Sunana ya kira?"

Na ce e.

"Tsohon banza. Kada ka taɓa shi. Amma ka zo ka zauna kusa da ni, don ban yarda da kaina ba. Ina jin zan amsa masa."

Na yi alkawari zan je, ko da yake ni ma ban yarda da kaina ba.

Allah ya jiƙanka, Pan Ludwik, ya yafe kurakuranka, ya ba ka hutu madawwami. Ina miƙa ta'aziyyata ga Kinga da jikokinka. Pani Bozena kuwa, Allah ya riƙe mata zuciya ranar Juma'a.