Tayar Yashi a Garin Ƙanƙara

Ban taɓa son motar nan ba. Ja ce, mai ƙofa biyu, ta kwanta da ƙasa har sai mutum ya durƙusa kafin ya shiga, tayoyinta kuwa masu faɗi kamar faranti. Maigidana ya saye ta hannu na biyu a farkon shekarun 1990, lokacin yana aiki a ɗakin magani na wani asibiti, muna zaune a Amurka, a unguwar Tompkinsville, a tsakiyar wani titi mai tudu. Ranar da ya kawo ta ya tayar da injin don in ji ƙara, yana ta washe baki. Na ce masa Allah ya sanya alheri, amma jariri a ina za a sa shi, a aljihu?

Lokacin ina da ciki. Na farko ya zube shekara guda kafin nan, kuma likita ta faɗa mana ba ɓoye-ɓoye cewa wannan karon, da na ga jini ko ɗigo ne, kada mu tsaya neman shawara, mu kama hanyar asibiti. Haihuwar za ta faɗo a tsakiyar sanyi. Saboda haka duk abin da ya shafi ƙafafun motar nan ya shafe ni, ko ina son ta ko ba na so.

Da sanyi ya fara shigowa muka je wurin mai sayar da taya a Stapleton, ni da shi. Mutumin ya zagaya motar, ya tambayi inda muke zaune, da ya ji sunan titin sai ya girgiza kai. Ya ce ƙarfin motar duk a ƙafafun baya yake, kuma taya mai faɗi a kan dusar ƙanƙara yawo take yi a sama, ba ta kama ƙasa. Siririya ita ce ke yanka ƙanƙarar ta tarar da kwalta. Ya ce mu rage lambar faɗin tayar daga 245 zuwa 205, a kan baƙaƙen wili na ƙarfe, ƙanana kaɗan da namu. Maigidana ya dubi wilin kamar an nuna masa gawa, don muninsu ya isa. Ya dubi cikina, ya ce to, ranar Asabar zai dawo a ɗaura.

Kafin Asabar ɗin maganar ta faɗa kunnen Kawu.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, mutumin Damagaram. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya ba da aurena. Ya zo Amurka da bazarar shekarar, yana kasa huluna da turare a 125th Street, yana kwana a ƙaramin ɗakinmu. Kafin nan ya yi rabin rayuwarsa yana tuƙa babbar mota, wadda suke kira kamiyo, a cikin Sahara, daga Agadas zuwa Bilma, kuma bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a talabijin. Muna cin tuwo maigidana ya ambaci tayar. Kawu ya ajiye loma.

"Siririya? Wa ya hwaɗa maka haka, Malam? Abu mai laushi ba a shiga mishi da siririyar ƙahwa, nutsewa za ka yi. Dubi raƙumi mana. Mu a kamiyo, in mun iso yashi, babbar taya muka sawa, mu rage iska, sai ka ga mota tana tahiya bisa kamar jirgin ruwa."

Na zuba wa maigidana ido. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Haka ne, Baba."

Haka ne! Mutumin da ke musu da likitoci a wurin aiki, ga shi ya yi tsuru-tsuru a gaban suruki. Na san dalili, ni ma a cikin tarbiyyar nan na tashi. Ba ya cin abinci ya ƙoshi a gaban Kawu, ba ya zama a kujera in Kawu na ƙasa, balle ya buɗe baki ya ce masa bai sani ba. Ranar Asabar Kawu ya bar kasuwarsa ya raka shi, wai kada Bature ya cuce shi. Suka dawo da tayoyin sanyi huɗu, masu faɗin nan dai irin na da.

Na cika na batse. Da muka shiga ɗaki na ce masa, "Yanzu kai da kunnenka ka ji abin da mutumin ya ce, ka je ka sayo waɗannan?"

Ya ce ai su ma na sanyi ne, suna da zane mai zurfi, ba za a rasa ba. Ya ƙara da cewa, "In kina ganin abu ne mai sauƙi, ai kawunki ne, ki faɗa masa."

Nan ya kama ni. Na gwada, washegari, ina miƙa wa Kawu shayi. Na ce an ce fa ƙanƙara daban take da yashi, kuma da ɗan gari akan ci gari. Ya yi dariya ya ce, "Ɗiyata ta zama direba." Abin da zai sa ya saurare ni shi ne in gaya masa maganar likita, in ambaci jini da cikin da ya zube. Wannan kuwa bakina ba zai iya ba. Cikin ma da yake gani ya yi tulu, ni da shi ba mu taɓa nuna mun san da shi ba. Muka zauna a gida ɗaya mu uku, kowa yana kunyar kowa, ni kuwa kullum sai na leƙa taga na dubi sama.

Ƙanƙarar farko ba ta taka kara ta karya ba, motar ta ɗan yi wutsiya a kwana ta wuce. Kawu ya ce, "Ka gani?" Maigidana ya ce ya gani.

Wata safiya a watan Janairu na tashi na tarar gari ya yi fari fat, abin yana ta zuba, mai nauyi, mai ruwa-ruwa. Na shiga banɗaki, na ga jini.  Da sauran makonni kafin lokacin da aka ɗiba mini. Maigidana ya buga waya a turo motar asibiti, aka ce za a turo, amma hanyoyi sun toshe, ba su san yaushe za ta iso ba. Ya ajiye wayar ya ɗauki makulli.

Da ya riƙo ni muka sauko, sai muka tarar da Kawu tsugune a gindin tayar baya, ba ko safar hannu, da tsinken ashana a bakin bawul, iska tana fita tsiii. Ya riga ya gama da uku. Ya ji motsinmu tun daga sama, ya gane, ya fito ya taimaka da abin da ya sani. Ya ɗago yana haki ya ce, "Na rage muku. Yanzu ku tahi."

Na ga fuskar maigidana ta sauya. Leɓensa ya motsa, na ɗauka yau zai yi magana. Sai ya buɗe mini ƙofa kawai.

Babban titin da aka share yana can saman tudun, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba. Kawu ya lanƙwashe a kujerar baya, gwiwoyinsa a haɓa. Muka ɗan hau kaɗan, sai na ji injin yana kuka amma gidajen gefe sun daina wucewa. Daga nan suka fara wucewa ta baya. Motar ta juya gindi a hankali, maigidana yana murza sitiyari, sitiyarin yana juyawa kamar ba a haɗe yake da komai ba. Ya taka birki, bai hana komai ba. A ƙasan tudun akwai mararraba, ina hango wata motar kaya tana tsallakawa. Na riƙe marata da hannu biyu ina salati da ƙarfi, ina jin ɗumi yana bin ƙafata. Muka zame, muka zame, har bayan motar ya nutse cikin tulin ƙanƙara a bakin hanya, muka tsaya cak.

 Maigidana ya sake taka totur, tayoyin suka yi ta wulwulawa a wuri ɗaya. Na juya na dubi Kawu, idonsa ya sauka a kan zanena, ya ga jinin, ya gane abin da na yi wata da watanni ina ɓoye masa. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar mutumin nan ba sai ranar.

Ya ce a buɗe masa. Ya fizge shimfiɗun roba na ƙasan motar, ya tona gaban tayoyin baya da hannu, ya cusa su a ƙarƙashi. Ba su isa ba. Ya cire babban kwat ɗinsa, ya shimfiɗa a gaban tayar dama, ya kwance rawaninsa ya cusa a ta hagu. Ya zo taga ya ce, "Sa giya ta biyu. A hankali, kamar kana taka ƙwai. In ta tashi, kada ka tsaya mini. Ko me ka gani kada ka tsaya."

Ya sa kafaɗa a bayan motar. Ta yi ƙugi, ta girgiza, ta kama kwat ɗin ta tofar da shi baya, ta motsa. Muka fara hawa a karkace, kamar kaguwa. A madubi na ga Kawu ya faɗi a kan gwiwoyinsa, kansa ba rawani, yana yi mana alama da hannu mu tafi. Ƙafar maigidana ta ɗan ɗaga daga totur. Na daka masa tsawar da ban taɓa yi masa ba, na ce wallahi in ya tsaya ba zan yafe masa ba. Bai tsaya ba. Yana tuƙi yana hawaye har muka hau kwalta.

Aka yi mini aiki. Yarinya ce, 'yar mitsitsiya, aka sa ta a kwalba, amma tana numfashi da kanta. Likita ta ce mun zo a kan gaɓa, ba ta ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Da yamma ina kwance, maigidana na zaune a gefe, Kawu ya shigo. A ƙafa ya zo. Kwat ɗin yana jiƙe, da zanen taya baƙi a gadon bayansa, yatsunsa sun kumbura. Maigidana ya miƙe zumbur ya ba shi kujera, ya durƙusa. Kawu bai zauna ba. Ya yi mini sannu, ya yi hamdala, sannan ya juya.

"Malam, mai tayar nan, siririya ya ce maka tun hwarko. Kai kuma ka yarda da shi?"

Maigidana ya dubi ƙasa.

"Tambayarka nike. Ka san tawa ba daidai ba ce?"

Da ƙyar muryarsa ta fito. "Na sani, Baba."

Kawu ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Ka sani, ka bar ni ina ta zuba. Ka gan ni da ashana, ka yi shiru. Da ɗiyar nan ta mutu a kan tudun can, sai ka zo ka durƙusa mini haka, in ce madalla da suruki mai kunya?"

Na juya fuskata bango, don ba shi kaɗai ake wa faɗan ba. Na ji Kawu ya ja kujerar ya zauna, ya sauke numfashi.

Ya ce, "Tashi ka zauna bisa gado kusa da matarka. Gobe ka kai ni wurin mutumin, ka hwaɗa mini lambar siririyar tayar da bakinka."