Babayo, Direban Da Ke Riga Motarsa Shiga Ruwa

Da damina, idan ruwa ya hau hanyar Nguru zuwa Gashua, Malam Babayo direba ba ya afkawa. Tsayar da bas yake yi, ya naɗe wando, ya ɗauki gora, ya shiga da ƙafa yana dungurin ƙasa har ya tabbatar kwalta tana nan, sannan ya dawo ya ja mota. Haka yake yi ko ruwan bai wuce idon sawu ba.

Fasinjoji ba sa raga masa.

"Baba, kifi za ka kamo mana?"

Madam Nkechinyere, mai sarin barkono, ta taɓa daka masa tsawa: "Oga direba, kasuwa za ta tashi!"

Ya ce, "Ta tashi, Madam. Ke dai ki isa."

Ita ce ta ba ni labarin ranar da gorar ta nutse ba ta taɓa komai ba. Ruwa ya cinye kwalbati ta ƙasa, sama kuwa lumui. Shi kuma ya tsaya cikin ruwan yana tare motocin baya.

Na tambaye shi sirrin. Ya ce, "Wane sirri, Malam? Tsoro ne, ya zama sabo. Yanzu ƙafata ke sauka kafin in yi tunani."

Amsar ta hana ni sukuni. Abin da mutum ke yi ba tunani, alheri ne ko sa'a? Na duba tsohon ƙamus ɗin da na koya wa kaina Turanci da shi. Kalmarsu ta sabo, habit, daga Latin ta fito, kuma a da har tufafi take nufi, abin da mutum ke sawa kullum har a san shi da shi. To amma direban da ke afkawa ruwa a guje, shi ma sabo ne ke tuƙa shi, kuma daga kujerar fasinja ba ka gane motar wanne ka hau. Wannan ke tsorata ni.

Bana ciwon ido ya raba Babayo da tuƙi. 'Yata Juwairiyya tana bin hanyar nan zuwa jami'a, ga hadari ya fara haɗuwa.

Malam Babayo, kai ne ka yarda a yi maka dariya domin mu isa gidajenmu. Mun gode. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiya.

Ku kuma samarin direbobin tasha, don Allah ku sauka ku taka ruwan. 'Yar wani ce a bayanku. Ranar Lahadi, tawa ce.