Alhaji Zulkifilu Maitama, Wanda Ya Fito a Iya Mai Makulli

Mai wannan tarihi, Malam Hamidou Tela, mazaunin Greenbelt a jihar Maryland, shi ne mutum na farko a duniya da ya ga Iya Mai Makulli da idonsa, wato tsohuwar nan mai tsaron 'yan mata a wasan kwaikwayon da ake kira Katanga Mai Kwalabe. Ya gan ta kwanaki kafin mutanen Jos su gan ta a dandamali, kuma shekara sittin da ɗaya kafin 'yan bokon College Park su gan ta a majigi su yi ta tafi. Bai taɓa zama a aji ba, amma ya tsallake agana, ya tsallake yunwa biyu, an buɗe ƙirjinsa a asibiti an ɗinke, ga shi yau da shekara tamanin da bakwai yana zura zare a allura ba tabarau. Duk waɗanda suka san al'amarin daga tushe sun riga mu gidan gaskiya, saura shi kaɗai, don haka ya wajaba a kansa ya tsara tarihin amininsa yadda ya faru.

Haihuwa da Nasaba

An haifi Alhaji Zulkifilu Maitama ranar Juma'a, 14 ga watan Maris na shekarar 1941, a garin Jos, a unguwar da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Mahaifinsa, Malam Maitama, mutumin Ringim ne da fataucin gishiri ya kawo shi zamanin haƙar kuza, ya zauna har jama'ar unguwa suka ba shi ladancin masallacinsu, ya riƙe shi shekara talatin da huɗu. Mahaifiyarsa Kaltume ta rasu yana ɗan shekara huɗu, sai riƙonsa ya koma hannun gwaggonsa Hannatu, wata doguwar mace mai sayar da man gyaɗa, wadda ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, amma in ta kira sunan yaro sau ɗaya daga zaure, sai ya ajiye abin da ke hannunsa.

Karatu

Ya shiga elementare a 1949, ya sauke Alƙur'ani mai girma a hannun mahaifinsa a 1953. Daga 1956 zuwa 1960 ya yi makarantar koyon sana'a a Bukuru, inda ya fito da takardar aikin wutar lantarki, ya dawo Jos yana ja wa mutane waya a gidaje da shaguna.

Wasan Shekarar 1961

A wannan shekara wani malamin makarantar horon malamai mata, Mista Martins Katung, ya rubuta wasa a kan gidan horon 'yan mata masu laifi, irin gidan da ake kafa fasassun kwalabe a kan katangarsa. Ɗalibansa bakwai ne suka fito a 'yan matan, kuma bisa al'adar wancan zamani kowacce da sunan aro aka buga ta a takardar shiri, don kada iyayenta su ji. Matsayin tsohuwar da ke riƙe da makullan gidan kuwa, wata ma'aikaciyar asibiti aka ba, amma saura kwana tara mijinta ya hana.

A ranar Zulkifilu yana bisa tsani yana ɗaura fitilun dandamali, yana kwaikwayon muryar gwaggonsa don ya ba kafinta dariya. Mista Martins ya ji daga ƙasa, ya ce, "Kai mai lantarki, sauko. Wace ce wannan da ke cikin bakinka?" Zulkifilu ya ƙi har sau biyu, domin ɗan ladan ne, kuma namiji ya ɗaura zane a bainar jama'a ba ƙaramin abu ba ne. A karo na uku ya yarda, bisa sharaɗin ba za a taɓa ambaton sunansa ba, a raye ko a mace. Sai malamin ya haɗa sunan tasa innar da na maigidan da yake haya a wurinsa, aka buga Constance Bot a takarda. 'Yan matan sun sani, amma kowacce tana da nata abin ɓoyewa, ba wadda ta yi magana.

Shagon mai wannan tarihi aka kawo shi, domin a lokacin duk Jos babu telan da ya kai shi iya yankan rigar mata, kuma wannan ba yabon kai ba ne, sananne ne. Shi ya auna shi, ya ɗinka farar riga mai cikon auduga, ya ɗaura masa ɗankwali, ya rataya masa makulli goma sha ɗaya a ƙugu. Da Zulkifilu ya juyo daga bayan labulen shago, sai telan ya samu kansa a tsaye yana gyara hularsa kamar mai laifi.

An yi wasan ranar Asabar, 18 ga Nuwamba, bayan la'asar, aka maimaita sau biyu, kuma a na ƙarshe wani Bature malamin makaranta ya ɗauke shi a fim. A cikin wasan Iya tana ƙidaya 'yan matan kullum ta hanyar takalmansu da ke jere a bakin ƙofa. Ranar da wata yarinya ta haura katanga don ta ga mahaifiyarta da ke kwance rai a hannun Allah, Iya ta ƙirga, ta ga gurbin takalmi ɗaya, ta daɗe tana kallonsa, sa'an nan ta ce wa shugaban gidan sun cika. A kan haka aka karɓe makullanta aka kore ta. Mata sun yi kuka a zauren, har wani ɗan kasuwa ya aika wa Mista Martins goro yana neman a nuna masa gidan iyayen Constance. Malam Maitama ya rasu a 1975 bai san kome ba.

Aure da Zuwa Amurka

A 1968 Zulkifilu ya auri Malama Tayyiba, 'yar wani mai sayar da littattafai a babbar kasuwar Jos. A 1972 ya samu gurbin ƙaro karatu a birnin Washington, iyalinsa suka biyo shi bayan shekara biyu, ya kammala digirin injiniya a 1977. Ya yi shekara talatin da ɗaya a wani kamfani mai kula da lif na manyan gine-ginen gwamnati, ya ajiye aiki a 2008. Tun 1984 yake zaune a garin Annandale na jihar Virginia, kuma ya sauke farali a 1990. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Hausawan wannan yanki, daga baya ya zama shugaban dattawanta. Shi ke jan salla in liman ya yi tafiya, shi ke walicci ga 'ya'yan da iyayensu ke gida, kuma in miji da mata suka saɓa, falonsa ake zuwa.

Mai wannan tarihi ya iso Amurka a 1996 ta hannun 'yarsa, suka haɗu da Alhaji a wajen wani suna. Bayan an shafa fatiha Alhaji ya ja shi wajen ajiye motoci ya ce, "Hamidou, bakinka yana nan yadda na bar shi?" Ya amsa masa, "Yana nan, Alhaji. Ni da ka gani ko matata ba ta ji ba." Haka suka zauna shekara ashirin da shida.

Bayyanar Fim

A 2019 wata ɗaliba 'yar Maradi mai suna Hairat Yacouba, wadda ke neman digirin dakta a jami'ar da ke College Park, ta tarar da fim ɗin cikin kayan da magadan Baturen nan suka bai wa wani ɗakin karatu. Ta gina bincikenta kacokan a kan Constance Bot, tana cewa ita ce macen Arewa ta farko da ta ja ragamar wasa a fim. Sau biyu ta je Jos tana bin rajistar coci-coci, ba ta samu ko kabari ba. A 2022 ta roƙi ƙungiya ta kafa kyauta da sunan Constance, a riƙa bai wa 'yan matan da aka haifa a nan suka riƙe Hausa, kuma takardar ba ta tabbata sai da sa hannun shugaban dattawa.

Mako biyar takardar tana cikin motar Alhaji. Wata Talata ya keto cunkoson babban titin Beltway ya zo Greenbelt, ya zauna kusa da keken ɗinki bai taɓa shayin da aka kawo masa ba. Ya ce in ya sa hannu ya yi shaidar zur, kuma yarinyar za ta ɗauki ƙarya ta kai gaban malamanta da sunan ilimi. In kuwa ya yi magana, za a ce mutumin da ke ja mana salla ya ɗaura zane, ga surukai, ga jikoki. Mai wannan tarihi ya ce masa shi dai ɗinkinsa babu abin kunya a ciki, sauran kuwa tsakaninsa da Ubangijinsa ne.

Ranar Laraba ta mako mai bi Alhaji ya kira Hairat gidansa, ya gaya mata a gaban Hajiya Tayyiba. Ɗalibar ta ce, "Baba, shekara uku nake neman kabarinka." Ta ƙara da cewa in ita ta faɗa ba mai yarda, sai dai ya faɗa da bakinsa. Hajiya kuwa ba ta ko ajiye carbinta ba, ta ce, "Alhaji, ai ni ina layi na biyu ranar da aka yi wasan. Tun randa ka fara yi wa yaron nan na fari faɗa na gane muryar." Wannan bai rage wa mai tarihi kome ba, domin ko an ƙidaya ta, ta zo bayansa da shekaru.

Taron 22 ga Oktoba, 2022

An nuna fim ɗin ranar Asabar da rana a wani zaure a College Park, gaban mutane kimanin ɗari biyu. Wani malamin jami'a ya yi dogon jawabi a kan ɗingishin da Iya ke yi, ya ce alama ce ta nauyin zalunci a kan mata. Da aka kira shugaban dattawa don sa hannu, sai Alhaji ya miƙe da babbar rigarsa, ya yi sallama, ya ce, "Jama'a, babu wata Constance. Ni ne. Ɗingishin nan kuma takalmi ne, lamba bakwai aka aro mini, ƙafata kuwa sha ɗaya ce." Wasu suka yi dariya suna zaton raha ce, sai ya ajiye sandarsa ya yi magana biyu da muryar Iya, nan take dariyar ta yanke. Ya nemi gafarar ɗalibar a gaban kowa, ya mayar da alƙalami aljihu, ya zauna.

Abin da ya ji tsoro bai fasa zuwa ba. Mutum biyar sun fita kafin a tashi, biyu daga cikinsu suka kai wa liman ƙorafi. Shi da kansa ya janye daga jan salla don kada a raba sahu a kansa, kuma bai sake shiga gaba ba har ƙarshen rayuwarsa. Babban ɗansa, Dakta Misbahu, ya yi mako uku bai buga waya ba, sa'an nan ya zo da 'ya'yansa mata suka zauna suka kalli fim ɗin tare da kakansu. Hairat ta sake rubutunta daga farko, abin da ya ci mata shekara guda, ta kammala a watan Mayu na 2024, da sunan Zulkifilu Maitama a shafin farko. Kyautar kuwa, bisa roƙonsa, an sa mata sunan Gwaggo Hannatu, domin a cewarsa murya tata ce, shi aro ya yi.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Alhamis, 9 ga Janairu 2025, daidai da 9 ga Rajab 1446, a gidansa da ke Annandale, bayan jinyar mako biyu, yana da shekara tamanin da uku. An yi masa salla bayan Juma'a, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar Musulmi ta jihar Virginia, ƙanƙara kwance a ƙasa, kuma duk da sanyin sahu bakwai aka yi, har da ɗaya daga masu ƙorafin nan a sahun farko. Ya bar matarsa Hajiya Tayyiba da 'ya'ya huɗu: Dakta Misbahu a Baltimore, Ilham a Houston, Hannatu a Abuja, da Fatihu a Annandale, da jikoki goma sha uku. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Har yau akwai masu cewa ruɗin tsufa ne, wai tsofaffi biyu ne suka haɗa baki suka ƙwace wa wata baiwar Allah sunanta. To, mai wannan tarihi yana Greenbelt, hawa na uku, kusa da tashar jirgi, kullum bayan la'asar ban da Litinin da yake zuwa ganin likita. Mai shakka ya zo da fim ɗin a wayarsa, ya kashe sauti. Marigayi a shagon mai wannan tarihi ya haddace wasan yana bita da ƙarfi, don haka telan zai biya wa mai shakkar maganar Iya daga farko har inda aka karɓe makullai, baki da baki. In ya kuskure kalma ɗaya, mutum ya ɗauki keken ɗinkin ya sauka da shi. In bai kuskure ba, sai mutumin ya tsaya gaban Hajiya Tayyiba ya maimaita abin da yake faɗa a bayan ido.